Otizim a Gidajen Damagaram: Me Ake Iya Yi, Wa Zai Yi Shi?

A Damagaram, yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba yakan bi hanyar da na gabansa suka bi. Da farko kaka ta ce nauyin baki ne, ai ubansa ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki. In shekara ta zagayo shiru, a kira wanzami ya duba linzami. Daga nan sai rubutu da tofi, sai hayaƙi, sai wani ya zo da labarin mai magani a wani ƙauye can wajen Mirya ko Magarya. Likita ce zangon ƙarshe, kuma sau da yawa ba rashin maganar ke kai yaron can ba, zazzaɓi ne ko farfaɗiya. Kafin wani ma'aikacin lafiya ya ambaci otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, sa'annin yaron sun shiga lakwal, an sayar da akuyar uwar, wani lokaci ma aurenta ya fara rawa.

Abin da ke fara ɓatar da iyaye shi ne ana tara lalurori daban-daban a kira su da suna ɗaya: galahanga, ko taɓin hankali, ko a rage murya a ce ɗan ruwa ne. Alhali kowace da tushenta da irin taimakon da take bukata. Akwai lalurar Down, wadda masu bincike a Faransa suka gano tushenta a 1959: kuromozom na 21, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gadon halitta, shi ke zuwa uku maimakon biyu. Ana ganin alamarta a fuska tun ranar haihuwa, kuma kusan rabin waɗannan jarirai suna zuwa da matsalar zuciya, don haka duba zuciya ke gaba da komai. Akwai shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa, irin na jaririn da ya sha doguwar naƙuda bai yi kuka ba, ko wanda shawara ta yi wa tsanani a satin farko. Wannan gashin gaɓoɓi yake bukata da koyon zama da haɗiya, kuma da yawansu hankalinsu garas yake, jiki ne ya ƙi. Akwai jinkirin da tamowa ke bari, da wanda zazzaɓin cizon sauro ke bari idan ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Sai kurumta, wadda a yankinmu ya kamata a fara zargi kafin komai. Muna tsakiyar ƙasashen da sanƙarau ke yi wa zuwan bazara. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 kawai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Hukumar ta kuma ce cikin mutum 5 da suka tashi daga irin wannan ciwo, 1 yakan saura da tabo na dindindin, kurumta na kan gaba. Yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba, kuma ba zai waiwayo ba in an kira shi. Tafa hannu a bayansa a gida ba gwaji ba ne, don yana iya ganin inuwa ko ya ji iska. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro ake kai shi. In kurma ne, maganar hannu ta wadatar da shi, ya yi karatu ya yi sana'a.

Otizim daban yake da duk waɗannan, ko da yake yana iya haɗuwa da kowanne. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya fara bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, kuma ta fuska biyu yake bayyana. Ta farko cuɗanya da mutane: yaron ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ba ya kawo wa uwarsa abin da ya tsinta, in yana son ruwa sai ya ja hannunta ya ɗora kan randa ba tare da ya dube ta ba. Ta biyu maimaici da ƙin canji: jera murafan kwalba, juya tayar keke na awa guda, kaɗa hannu, ihu idan an canza masa kwano ko hanyar zuwa gidan kaka. Ji da taɓi ma ba kamar na kowa ba ne. Ƙarar injin niƙa, lasifikar biki, almakashin aski, hayaniyar Kasuwar Dole ranar Alhamis, duk suna iya zame masa azaba ta gaske, alhali shi ɗin ne zai faɗi ya fasa gwiwa bai ce uffan ba. Kuma lalurar hawa-hawa ce. Wani ba zai taɓa furta kalma ba. Wani zai haddace surori daga bakin yayyensa da ƙira'a mai daɗi, amma ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa. Wani zai gama jami'a, a dai san shi da rashin son mutane.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa a baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100. A Amurka, inda ake bin yara da gwaji tun suna goye, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun ce 1 cikin 31 a tsakanin ƴan shekara 8. Wannan tazarar ta fi nuna yawan masu dubawa, ba wai ciwon Turawa ne ba. Ana ganinsa ga maza kusan ninki uku zuwa huɗu na mata, amma ƴan mata sun fi ɓuya, musamman a wurinmu inda yarinya mai shiru ake yaba mata da natsuwa.

Batun dalili kuwa, a nan ake zaluntar uwaye. Wani babban bincike na 2019 da ya bi yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe 5 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin daga gado yake, gadon kuma ta ɓangaren uba da uwa duka yake zuwa. Yawan shekarun uba ko uwa lokacin haihuwa yana ƙara haɗarin, haka haihuwar bakwaini, haka shan maganin farfaɗiya na Dépakine lokacin goyon ciki (mai shan sa kada ta yanke da kanta, ta je likita ya canza mata). In an samu ɗa ɗaya mai otizim, ƙanin da zai biyo baya yana da haɗarin kusan 1 cikin 5, don haka a sa masa ido da wuri. Fita da almuru, wanka a tafki, tsallake toka, duk abubuwan da suruka ke lissafa wa matar ɗanta, babu ko ɗaya a ciki. Rigakafi ma ba ya ciki. Wannan jita-jita daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ta taso a 1998, kan yara 12 kacal. An gano ya murɗe bayanai, mujallar da ta buga rubutun ta janye shi a 2010, aka kuma karɓe masa izinin aiki. Abin da ke ruɗa mutane shi ne alamun kan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da karnen rigakafin yaro ke cika da allurai. Wanda ya hana ɗansa rigakafi don tsoron otizim ya buɗe wa ƙyanda da sanƙarau ƙofa, su kuwa tabbas suna taɓa ƙwaƙwalwa.

Littattafan likitoci suna yawan ambaton rashin haɗa ido. A gidan Bahaushe wannan ma'auni yana da rauni, don mu da kanmu muke koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya. Abin da ya fi amfani a lura da shi: ɗan wata 12 yana waiwayowa in an kira sunansa? Ɗan wata 18 yana nuna jirgi ko raƙumi da yatsa, ya juyo ya ga ko an gani? Yana kwaikwayon daka ko sallah? Ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu da kansa? Yaron da ya fara cewa “Inna” da “ruwa” sannan ya daina, wannan ba a jira da shi. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R da ake yi wa iyayen yara ƴan wata 16 zuwa 30, ba ta cin minti goma, kuma akwai ta da Faransanci. Ba na'ura take bukata ba. Ma'aikaciyar da ke auna nauyin yara a ƙaramar likitar unguwa za ta iya yin ta, in an koya mata aka kuma ce aikinta ne.

To an gane, sai me? A nan zukata ke karyewa, don abin da iyaye ke gani a intanet shi ne cibiyoyi masu ƙwararren koyar da magana, da masanin halayya, da ɗakin wasa. Tsarin da Ivar Lovaas ya wallafa a Amurka a 1987, wanda ke amfani da hanyar horar da halayya da ake kira ABA, awa 40 a sati yake nema, malami ɗaya yaro ɗaya. Ko a can masu hali ke iyawa, kuma wasu manya masu otizim da suka bi ta cikinsa suna sukar tsananinsa. Mu da ke da tazarar kusan kilomita 900 da Yamai, Kano kuma sai an ƙetare iyaka, in aka ce wannan ce kaɗai hanya, an ce mana mu haƙura ke nan.

Sai dai bincike ya juya wata fuskar da ta fi dacewa da mu. A Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT kan yara 152, aka fitar da sakamako a 2010. Ƙwararren ba ya zama da yaron. Uwar ake ɗauka a bidiyo tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a kalla tare, a nuna mata inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba ta lura ba. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara 6, tsananin alamunsu ya ragu idan aka gwada da waɗanda ba a yi wa ba. Aka ɗauki tsarin aka sauƙaƙa shi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan da ba ƙwararru ba suka gudanar da shi, sakamakon 2016 ya nuna mu'amalar iyaye da yaran ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata shirin horar da masu raino, na yara ƴan shekara 2 zuwa 9: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3. Ba sai likita ya sa wa lalurar suna ba kafin a shiga, kuma an gwada shi a Habasha da Kenya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce yana warkarwa. Abin da suke yi shi ne ƙara wa yaro hanyar faɗin bukatarsa, su rage wa gida wahala.

In aka tuɓe wa darussan rigar boko, abubuwa ne da ake yi a tsakar gida. A zauna ƙasa daidai fuskar yaro, ba a tsaye a kansa ba. A bi abin da shi yake so: in murafai yake jerawa, a ɗauki murfi a jera tare da shi, a bar ƙwace su. A rage magana, kalma ɗaya ko biyu, daidai lokacin da abin ke hannu. Sannan a yi jira, wanda shi ne mafi wuya. Uwa ta san ɗanta har ta kan miƙa masa fura kafin ya nema, tausayin nan kuwa yana hana shi dalilin nema. Ta riƙe ludayin inda yake gani, ta ce “fura”, ta yi shiru tana ƙirga biyar a zuci. Ya dube ta, ko ya miƙa hannu, ko ya yi wani sauti, nan take ta ba shi. Gobe a ƙara ɗan matsawa. Wanka, sa riga, cin tuwo, zuba wa awaki dusa, kowanne darasi ne da ke dawowa kullum ba tare da an biya dala ba. Sa wando ma a kasa shi gida-gida, a taya shi duka a bar masa jan ƙarshe, in ya iya a bar masa biyu na ƙarshe.

Yaron da baki ya ƙi, a ba shi wata hanya. Tsarin musayar hotuna na PECS tun 1985 ake amfani da shi, kuma ba ya hana magana fitowa, sau da yawa ma taimaka mata yake. A ɗauki hoton buta da kofi da tabarma da ƙofa a waya, a wanke su, a manna a kwali. In babu hali, kayan da kansu sun isa: ya kawo kofi a ba shi ruwa, ya kawo takalmi a fita da shi.

Akwai wani shinge namu na gida da waɗancan littattafai ba su san da shi ba. In yaron ɗan fari ne, uwarsa tana kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban surukai, in ta yi a ce ba ta da kara. Wannan kunya ba ta jawo otizim, kada wani ya ɗora mata. Amma aikin da ake nema yanzu kiran suna ne da wasa fuska da fuska. Mafita tana hannun manya. Ranar da uwar miji ta ce, “Ke, bar kunyar nan, ɗauki ɗanki ki yi masa abin da likita ya ce,” magana ta ƙare. Kaka kuwa dama abokiyar wasan jika ce, babu wanda ya fi ta dacewa da zaman tabarma. Gidan yawa da ake ganin matsala ne yana iya zama gata: goggo, yaya, kishiyar uwa in an yi dace, kowa ya ɗauki sa'arsa. Sharaɗin dai a yi baki ɗaya. In Inna tana jira ya nuna kofi, Baba kuma yana miƙa masa da zarar ya yi ihu, ihun ne zai koya.

Ihu da cizo da buga kai a bango su ke kai iyaye ga bulala da turke. Kusan kullum akwai abin da ke bayansu: yana son wani abu, yana gudun wani abu, ko wani wuri ke masa ciwo ba ya iya faɗa. Haƙori, kunne, taurin bayan gida, a fara duba su. A riƙa lura da abin da ya faru kafin rikicin da abin da aka yi masa bayansa, cikin sati biyu yawanci zaren zai fito. Duka ba ya koya masa abin da zai yi a madadin. Fita ba sanarwa kuwa haɗari ne na gaske, don da yawansu ruwa na jan su, garin nan kuma da damina tafkuna da kududdufai cike suke. Sakata a can sama, murfi a bakin rijiya, lambar waya ɗinke a riga, da sanar da masu shago da ƴan kabu-kabun unguwa, sun fi igiya a ƙafa.

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da otizim. Risperidone, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, zafin rai da cutar da kai yake ragewa, yana kuma sa ƙiba da barci, sai da sa idon likita. Farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin waɗannan yara, ita tana da magani, kuma shan sa kullum yana canza rayuwar yaro. Abin tsoro shi ne maganin barcin da ake saya hannun masu talla a ɗura wa yaro don gida ya huta. Nonon raƙumi da ake yayatawa a WhatsApp abinci ne mai kyau in an tafasa shi, amma hujjar cewa yana warkarwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Addu'a kuwa ba ta taɓa yin karo da zuwa likita ba. Wanda za a guda shi ne mai cewa a daina maganin farfaɗiya, ko a tsare yaro cikin hayaƙi, ko a doke shi don wai ba shi ake duka ba. Duk wanda ya yanka farashi ya sa ranar warkewa, kasuwa yake ci.

A takarda Nijar ba ta baya. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta yi doka a kansu a 2019, kuma tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai kyautar tana ƙarewa daidai shekarun da bukatar irin wannan yaro ke ƙaruwa. A ganina abin da ya fi kusa da hannu ba gina katafariyar cibiya ba ne. A koya wa ma'aikatan awo da masu bi gida-gida raba maganin zazzaɓin damina tambayoyin nan da darussan nan, su ne dama ke shiga kowane zaure. Malamin lakwal mai aji cike ba zai yi abin al'ajabi ba, amma zai iya zaunar da yaron gaba kusa da ƙofa, ya bar shi ya fita in hayaniya ta yi yawa, ya hana a kira shi mahaukaci. Makarantar allo ma tana da abin da ya dace da su, maimaici da tsari ɗaya kullum, in malam ya yarda ya ajiye dorina. Tura irin wannan yaro almajiranci wani gari kuwa, jefar da shi ne.

Uwar ita ma mai jinya ce da ba a tambayar lafiyarta. Ta daina zuwa biki da suna, barcinta rabi, sana'arta ta mutu. “Sannu da haƙuri” ba ta ɗauke mata komai. Wuni guda a sati da wani zai riƙe yaron ta fita, shi ne taimako. Uwaye huɗu ko biyar masu irin wannan ɗa su riƙa haɗuwa kamar yadda ake zaman adashi, abin da ɗaya ta gano game da koyar da bayan gida ya isa sauran. Uba ya riƙa fita da ɗansa masallaci da majalisa, don unguwa daga wurinsa take koyon yadda za ta ɗauki yaron. A kuma kula da yayar da aka cire daga lakwal don raino, ita ma ƴa ce.

Yaran nan girma suke yi. Yarinya tana bukatar a koya mata tsabtar al'ada tun kafin ta zo, da sanin wanda ya halatta ya taɓa ta, don masu cin zarafi sun fi neman wadda ba ta iya ba da labari. Aurar da ita don a rabu da nauyi ba magani ba ne. Namiji mai son maimaici da tsari yakan yi kyau a aikin hannu, dukanci, saƙa, kiwo, jera kaya a shago, in an fara da wuri wurin mai haƙuri. Wanda ba zai iya riƙe kansa ba, rabonsa na gado nasa ne cif a shari'a, waliyyi ne ke kula masa da shi. Wa zai zama waliyyin, a ɗakin wa zai zauna, daga ina za a ci da shi, a zauna a yanke tun uba na da rai, a kira liman da shaidu a rubuta.